Hanjin Jariri Ba Ya Son Gauraye

A ƙauyukanmu na wajen Funtua, Bakori, Kafur da Malumfashi, da wuya jariri ya kai ranar suna ba a ɗura masa wani abu ba. Wannan ta ba shi ruwa don zafin rana, waccan ta kawo ɗauri, wata kuma ta ce a tatse dakashi a zubar. Da ƙauna ake yi, mun sani. Amma ga jaririn da uwarsa take da ƙwayar HIV, wadda ke kawo ƙanjamau, wannan ƙauna tana iya zama ajalinsa.

Ga dalili. Bangon hanjin jariri siriri ne ƙwarai, kamar rariya mai laushi: abinci ya wuce zuwa jini, ƙazanta kuwa a tare ta. A nan ne kuma mafi yawan ƙwayoyin da ke tsaron jiki suke zaune, su ne HIV take fara ci tun makonnin farko. Sa'an nan hanji ya kumbura, ya yi ta yoyo, abinci ba ya kama jiki, zawo ya ƙi tsayawa, yaro ya yi ta ramewa. In jariri ya kamu ba a ba shi magani ba, wajen rabin irinsu ba su kai shekara 2.

Ko wanda bai kamu ba tukuna, ruwan rijiya da kunu da jiƙo suna ƙuje masa hanji, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. A shekarar 2007 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana cewa jariran da aka haɗa wa nono da abinci mai kauri sun fi masu shan nono zalla kamuwa kusan sau 11.

To, a hana nono ke nan? A'a. An gwada. A ƙasar Botsuwana ana raba madarar gwangwani kyauta, sai aka yi ambaliya a 2006, ruwan sha ya ɓaci, zawo ya kashe yara fiye da 500, galibinsu waɗanda ba su shan nono. Wanda ya san yadda rijiyoyinmu suke da damina ba ya bukatar ƙarin bayani. Mu ma an auna namu tun da daɗewa: binciken Likita Andrew Tomkins a ƙasar Malumfashi, wanda aka buga a 1981, ya nuna zawo ya fi daɗewa a jikin ramammen yaro.

Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwa ta riƙa shan maganinta kowace rana, ta ba da nono zalla wata 6, ko ruwa kada a ƙara, bayan haka a soma kunu ana ci gaba da nono har shekara guda ko fiye. Jariri kuma akwai nasa maganin ruwa tun daga haihuwa. Da ya cika mako 6 a kai shi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi a gwada jininsa, a soma ba shi Septrin.

Wuyar abin tana cikin gida. Mace mai jego ba ta iya ce wa uwar mijinta, "Inna, kada ki ba shi ruwa," ba tare da an tambaye ta dalili ba, dalilin kuwa asirinta ne. Mu a ganinmu, maganin wannan yana hannun Zumuntar Mata. Nono zalla yana da amfani ga kowane jariri. In dukan masu goyo suna yin haka, ba wadda za a nuna da baki. Maigida ma ya tsaya wa matarsa, gama maganarsa ce tsohuwa za ta fi ji.

In zawo ya zo duk da haka, kada a ce haƙori ne a zauna. A ci gaba da nono, a ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. In maɗiga ta faɗa, ko ido ya zurma, ko jariri ya ƙi kama nono, a nemi mota ran nan, kada a jira ranar kasuwa.