Icce ɗaya tilo

Yara, wa ya taɓa shiga gidan tarihi na Yamai? A can akwai wani busasshen icce cikin rumfa. Shi ne iccen Tenere. Kandili ne. Dā yana tsaye shi kaɗai tsakiyar rairayi, bisa hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 don neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, aka kawo shi Yamai. Yanzu icce na ƙarfe ne a gurbinsa.

Wani icce ya kusa ƙarewa haka nan, amma shi an cece shi. Can nesa cikin tekun Indiya akwai tsibirin Rodirig, na ƙasar Moris. Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye. Akwai wani ɗan icce mai fararen furanni, ana ce masa «kafe maro». Ba ya fitowa ko'ina a duniya sai can. An yi zaton ya ɓace. Wajen 1980 wani malami ya gwada wa ɗalibansa zanensa. Sai wani yaro ya gano guda ɗaya a bakin hanya. Ɗan lakwal ne kamarku!

A 1986 aka kai reshensa lambun Kew, a Ingila. Aka yi ta dasawa kamar rogo, suka kama. To amma dashen reshe uwarsa ce sak. Ko sun kai ɗari, tamkar icce guda ne. Cutar da ta kashe ɗaya tana iya kashe sauran duka. Ga shi suna fure, ba sa ƴaƴa, don iccen yana da namiji da mace kamar dabino, kuma wanda aka gano namiji ne.

Masana ba su gaji ba. A 2003 suka samu ƴan ƙwayoyin iri. Aka shuka, waɗansu suka fito maza, waɗansu mata, kowanne da ɗan bambancinsa. Daga baya aka maida zuriyarsu tsibirin, aka dasa a dajin da ake tsaro.

Tambayoyi
1. Me ya sa dashen reshe kaɗai bai isa ba?
2. Iri nawa na hatsi ake shukawa a garinku? Ku tambayi tsofaffi wanne ya fi jure fari.