Wayoyin Da Alhaji Ba Ya Gani

Maniyyacin da ya baro Dakoro, ya ratsa hanya har Yamai, ya hau jirgi a filin Diori Hamani, fukafukai da injuna ne ke ɗaukar masa ido. Ba ya kawowa a ransa cewa bayan bangon da ya jingina, da ƙarƙashin tafin ƙafarsa, wayoyin lantarki ne dami-dami a shimfiɗe. Na jirgin Airbus A380, in aka warware su aka miƙar, sun kai kilomita 500, kusan a je Maradi daga Dakoro a komo har sau biyu. Wayoyi ne kimanin 100,000, da mahaɗai wajen 40,000.

Su ne jijiyoyin jirgi. A jirage irin su A320, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1988, in matuƙi ya karkata sandar tuƙi, saƙo ne ke bin waya zuwa kwamfuta, ita kuma ta umarci fiffike ya motsa. Wutar ma daban take. Kuran ɗin da Nigelec ke kawowa gida bolt 220 ne, yana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Na yawancin jirage bolt 115 ne mai juyawa sau 400, don hakan na sa injunan wuta su zama ƙanana marasa nauyi. A sama kuwa kowane kilo kuɗi ne.

Wahalar da waɗannan wayoyi ke sha ita ce ta fi damuna. Jirgi na tsaye a Yamai cikin bazara, zafi ya haura digiri 40. Kafin rabin awa yana can sama, inda sanyi ke kaiwa 50 ƙasa da sifili. Ga karkarwar inji ba dare ba rana, ga laima, ga ƙurar hunturu da muka sani tana shiga ko'ina. Yau da gobe rigar waya sai ta bushe ta tsage, ko ta goge a jikin ƙarfe, daga nan sai tartsatsi.

Duniya ta daɗe tana ɗaukar waya a matsayin abin da ake sawa a manta. Sai ranar 17 ga Yuli 1996, jirgin kamfanin TWA ƙirar Boeing 747 ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa daga New York, mutum 230 suka rasu. Masu bincike na Amurka sun ce tankin mai na tsakiya ne ya fashe, kuma abin da suka fi zato shi ne wuta mai ƙarfi ta tsallaka cikin wayoyin ma'aunin mai. Jirgin ya shekara 25 a lokacin. Ranar 2 ga Satumba 1998 kuma jirgin Swissair ya faɗa teku a gaɓar Kanada da mutum 229, bayan gobara ta tashi a rufin ɗakin matuƙa, inda daga baya aka ga alamun tartsatsi a jikin wayoyi. A 2007 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa doka cewa a riƙa kula da wayoyi da mahaɗansu a matsayin sashe mai zaman kansa, da jadawalin dubawa nasa.

Duk lokacin da na tsaya wurin mai gyaran wutar mota a tasha, wannan labari ne ke faɗo mini. Zai feƙe waya da haƙori, ya murɗa ta da ƴar'uwarta, ya naɗe da salatif, mota ta tashi. Ba na ganin laifinsa, iya kayan da ke hannunsa ke nan, kuma haka ake haɗa yawancin faranten sola a gidajenmu. Amma a jirgi ba a murɗa waya. Ana zura bakinta cikin wani ɗan tsinke, galibi mai ruwan zinariya don gudun tsatsa, a matse da kayan matsi da aka auna ƙarfinsa. Kowace waya da lambarta a jiki. Ana ɗaure dami da tazara ƙayyadadda, a nisanta shi da bututun mai, a kuma raba hanyar wayoyin da ke aiki ɗaya don kada gobara guda ta cinye su tare.

Wannan sana'a ce da ake koyo, kuma makarantarta ba ta yi mana nisa ba. Kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi. Yaron Dakoro da ya iya bin waya da batir da ƙwan fitila har ya gano inda ta katse ya riga ya sami rabin hannun. Abin da zai ƙaro can shi ne haƙurin shiga cikin jirgi da tocila da ɗan madubi, ya bi dami taƙi-taƙi, ya share ƙurar da ta kwanta a kai, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu.