Maganin Sugan Baba: A Jikin Wa Aka Gwada Shi?

Duk ranar da na ɗauki Baba zuwa ganin likita, sai mun bi titin New Hampshire, mu wuce ƙofar hukumar FDA a White Oak, nan Silver Spring. Shekara goma ke nan yana fama da ciwon suga. Rannan ya nuna ginin da leɓe, ya ce, “To ke ɗiyar Amurka, waɗannan da ke sa hannu a ƙwayoyina, a jikin wa suka gwada?” Wallahi shiru na yi. Da na koma gida sai na hau bincike.

Ga abin da na gano. Da can, abin da aka fi dubawa shi ne ko magani na sauke suga. A 2007 likitan zuciya Steven Nissen ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje 42, ya ce maganin Avandia na ƙara haɗarin bugun zuciya da kashi 43 cikin ɗari. Sai masana suka rabu biyu. A 2010 mujallar BMJ ta buga nazarin da ya nuna cewa kusan duk masu kare maganin a rubuce suna da alaƙar kuɗi da kamfanonin magani. A shekarar FDA ta taƙaita amfani da shi, a 2013 kuma ta sassauta bayan an sake duba bayanan.

Rigimar ta yi rana. A 2008 FDA ta buƙaci a nuna cewa sabbin magungunan suga ba sa cutar da zuciya. Daga nan aka samu manyan gwaje-gwaje irin su EMPA-REG na 2015, mai mutum 7,020, wanda ya nuna empagliflozin na rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38. Madalla. Amma fa masu maganin ne suka biya kuɗin gwajin, kuma baƙar fata ba su wuce kusan kashi 5 ba.

Akwai wani abin da ya fi shafar mu. Da awon A1c ake yawan auna nasarar magani, alhali binciken 2017 a mujallar JAMA ya nuna yana iya fitowa ƙasa da gaskiya ga masu jinin AS. Mu kuwa, gidan wa babu AS?

Kada wani ya ce na ce a daina shan magani, a koma zogale. A'a! Amma mu ne tafintocin iyayenmu a ɗakin likita. Mu riƙa tambaya: wa ya biya kuɗin binciken? Akwai irin mu a ciki? Likita ya san rukunin jinin?

Zuwanmu na gaba, Baba da kansa ya riƙe takardar tambayoyin. Ya ce, “Uwata, ke dai fassara kawai.”