Rigar mota: yadda ake zaɓenta da amfani da ita ba tare da an lalata fenti ba

Da yawa daga cikin masu motoci a garuruwa irin su Njamena, Marwa, Garwa, Kwatano da Kumasi ba su da gareji. Mota tana kwana a ƙofar gida ko a tsakar gida, ta wuni a rana, ƙura ta sauka a kanta, ruwan sama ya dake ta. Shi ya sa ake sayen rigar rufe mota, wadda wasu ke kira tamfol, masu shaguna a ƙasashen da ake Faransanci kuma suka fi saninta da bâche ko housse. Sai dai rigar nan tana kare fenti ne kawai idan ta dace da motar da yanayin garin, kuma aka sa ta a kan mota mai tsabta wadda ta bushe. In ba haka ba, ita da kanta take goge fentin da aka saye ta domin ta kare.

Maganar ta wuce ado. Ga wanda ya tara kuɗi ya sayi mota ta hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, Lome ko Duwala, motar jari ce. Ranar da zai sayar da ita, jikinta mai saye zai fara dubawa kafin ya buɗe inji. Fentin da ya ƙoƙe yana rage farashi, sabon fenti kuma yana sa mai saye ya yi zargin motar ta taɓa yin hatsari.

Abin da ake ƙoƙarin karewa

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ke manne da ƙarfe yana hana tsatsa, sai mai launi a tsakiya, sannan na sama wanda ba shi da launi, shi ne ke ba mota sheƙi. Duka hawan idan aka haɗa su kaurinsu bai cika wuce kashi 100 zuwa 150 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba. Na saman shi kaɗai kusan kashi 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashin mutum ba. Duk wata gogayya a kan wannan siririn hawa take ƙarewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa sai dai a sake fesawa.

Abokin gabansa na farko shi ne rana. Haskenta na ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa UV a jikin kaya. Shi ne ke karya ƙarfin hawan sama a hankali har ya yi fari-fari, daga baya ya fara ɓarewa. Wannan ne dalilin da ya sa rufin mota da murfin inji suke fara lalacewa kafin ƙofofi. A Njamena, Yamai da Marwa, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ɓarnar ta fi sauri.

Na biyu ita ce ƙura. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda ake ƙidaya shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Hazon kan kai har gaɓar teku. Ƙurar da ta kwanta a kan mota ba ta yin wata illa mai yawa muddin ba a goga ta ba. Da zarar an ja tsumma ko yadi a kanta, ƙananan ƙwayoyin yashin da ke ciki, waɗanda suka fi fenti tauri, sai su shiga yankarsa.

Na uku shi ne abin da ke faɗowa daga bishiya. Mai gudun rana yakan fake a ƙarƙashin dogonyaro ko mangwaro, a can kuma kashin tsuntsaye, kashin jemagu, danƙo da ruɓaɓɓun ƴaƴan itace ke jiransa. Kashin tsuntsu na da sinadari mai cin fenti, kuma idan rana ta gasa shi yana iya barin tabo cikin kwana ɗaya ko biyu. A garuruwan bakin teku akwai ƙarin gishirin da iska ke ɗaukowa, wanda ke gaggauta tsatsa a duk inda fenti ya tsage.

Kowane gari da rigarsa

Rigar da ta yi wa mai mota aiki a Njamena ba lallai ta dace da Duwala ba. Njamena na samun ruwan sama kusan milimita 500 zuwa 600 a shekara, Duwala kuwa fiye da 3,000. A arewa abin nema shi ne kariya daga rana da ƙura: yadi mai farin launi ko ruwan azurfa da ke mayar da haske, mai matsattsiyar saƙa da ƙura ba za ta ratsa ba. Baƙar riga tana tara zafi. A kudu kuwa babbar matsalar ita ce laima, don haka ana buƙatar rigar da ke tare ruwan sama amma take barin tururi ya fita.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Rigar leda zalla, wadda ake rubuta wa PVC ko PEVA, ba ta barin ɗigon ruwa ya shiga, amma kuma ba ta barin danshi ya fita. Ƙasa tana fitar da tururi, raɓa tana sauka da asuba, duk su taru tsakanin leda da fenti. Rana na fitowa sai motar ta zama kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta. Sakamakon shi ne fenti ya yi dishi-dishi, kujeru su yi fumfuna, tsatsa ta kama a lungunan ƙofofi.

Kwalin rigar yakan zo da rubutun Faransanci, kuma kalmomi huɗu sun isa a yi jagora da su. Extérieur na nufin an yi ta domin waje, saɓanin intérieur wadda ta cikin gareji ce, ba ta jure rana ko ruwa. Imperméable na nufin ruwa ba ya ratsa ta. Respirante na nufin tana shan iska. Anti-UV kuma na nuna an sa mata kariya daga hasken rana. Riga mai kyau ta waje ita ce ta haɗa uku na ƙarshen. A rigunan polyester ana ganin lambobi kamar 150D, 210D ko 300D, kuma mafi girman lamba shi ne mafi kaurin zare. Akwai masu hawa uku ko fiye da aka yi da polypropylene, waɗanda galibi sun fi shan iska.

Tamfol ɗin da ake rufe buhunan hatsi ko kayan babbar mota bai dace da fenti ba ko kaɗan. Cikinsa kaushi ne da shi, yana da nauyi, ga zobban ƙarfe a bakinsa da ke karce jiki. Yana da araha, amma Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Abin da za a duba a shago

Rubutun kwali ba kullum yake faɗin gaskiya ba, saboda haka hannu da ido su ne shaidu. A juya rigar a shafa cikinta da bayan hannu. Ya kamata shafin ya kasance mai laushi kamar auduga, babu ɗinki mai tauri ko zif da zai taɓa fenti. A ɗaga ta ga haske: idan ana hango ƙananan ramuka a fili, ƙura ma za ta bi ta nan. A kafa baki a hura iska: idan ko kaɗan ba ta wucewa kuma babu tagogin iska da aka ɗinka a gefe, leda ce. A zuba ɗan ruwa a bayanta a ga ko zai dunƙule ya gangara ko zai jiƙa yadin. A kuma duba ɗinkin ko ninki biyu ne, domin ta nan ruwa ke fara shiga.

Girma ma na da muhimmanci. Alamomin S, M, L da XL sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka gara a auna motar da awo daga gaba zuwa baya, a kwatanta da santimitocin da ke kan kwali. Ƙaramar mota irin Toyota Starlet ba ta kai mita 4 ba, Corolla ta wuce mita 4 da rabi kaɗan a sababbin samfura, Hilux mai ƙofa huɗu kuwa ta haura mita 5. Rigar da ta yi ƙanƙanta tana matse kusurwoyi har ta yage. Wadda ta yi yawa kuma iska ce ke kaɗa ta, tana bugun jikin mota dare da rana. Wadda ta fi ita ce mai roba a bakin gaba da baya, mai aljihun madubai, da maɗauri aƙalla ɗaya da ke bi ta ƙarƙashin mota. Inda ba a samu daidai ba, masu ɗinkin kujerun mota na iya ɗinka ta bisa awo, da sharaɗin a kai musu yadin da ya dace kuma a sa shafi mai laushi.

Yadda ake sa ta

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a rufe mota mai ƙura. Idan aka shimfiɗa riga a kan ƙura, iska ta motsa ta, an mayar da cikinta samfefa ke nan. Siraran zanen da ake gani a jikin baƙaƙen motoci idan rana ta haska su yawanci daga irin wannan gogayya suke fitowa. Kafin a rufe, a fara watsa ruwa ƙurar ta gangara, sannan a wanke da sabulun mota da tsumma mai laushi. Garin sabulun wanki yana cire kakin da ke kare fenti. Busasshen tsumman da ake kaɗe mota da shi da safe ma ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Ƙa'ida ta biyu, a bar motar ta bushe. Ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo idan ya bushe da kansa, don haka a tsane shi da tsumma mai tsabta. A kuma jira inji da salansa su huce, domin zafinsu na iya narka yadin ya manne.

Wajen sawa, a naɗe madubai idan rigar ba ta da aljihunsu, a cire eriya ko a kwantar da ita. A ɗora rigar a naɗe a kan rufi, a warware ta zuwa gaba da baya, sannan a sauke gefuna. Ba a jan ta a kan jiki. Wajen cirewa, a kaɗe ƙurar bayanta tukuna, a ninka gefuna zuwa sama, a naɗe ta yadda cikinta ba zai taɓa bayanta ko ƙasa ba, a sa a jaka. Rigar da aka yar a tsakar gida ta kwashi yashi, gobe a jikin mota za ta sauke shi.

A farkon damina, lokacin da guguwa ke riga hadari isowa a garuruwan Sahel, a tabbatar an ɗaure maɗaurin ƙasa da kyau. Idan iskar ta yi tsanani, cire rigar ya fi barinta tana dukan mota. Bayan ruwa ya ɗauke, a cire ta a shanya, a bar motar ta sha iska.

Ita ma rigar tana son wanki. Ana shimfiɗa ta a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ciki da waje, a ɗauraye sosai, a shanya har ta bushe kafin a naɗe. Idan ta fara zubar da gari, ko shafin cikinta ya yi tauri, ta gama aiki.

Lokacin da bai kamata a rufe ba

Motar da aka yi wa sabon fenti ba a rufe ta nan take. Fentin na ci gaba da fitar da sinadaransa har tsawon wata ɗaya zuwa uku, kuma riga na iya toshe su ta bar tabo. Mai fentin da ya yi aikin shi ya san irin kayan da ya fesa, shi za a tambaya.

Haka nan wanda ke fita da motarsa kullum a lokacin hunturu, kuma ba shi da ruwan wanke ta kowace yamma, rigar ba za ta amfane shi ba. Rumfar kwano ko ta zana a tsakar gida, da abin tare rana a gilashin gaba, da shafa kakin mota sau uku ko huɗu a shekara, sun fi masa. Riga ta fi dacewa da motar da ke zama kwanaki ba a taɓa ta ba, kamar ta ɗan kasuwar da ya yi tafiya, ko ta ma'aikacin da ke fita da babur sai ƙarshen mako yake tada mota.

Ko a nan ma ba a rufewa a manta. A sa wani ya riƙa buɗe ta duk mako ɗaya ko biyu domin danshi ya fita, a kuma duba ƙarƙashi. Ɓeraye na son duhu da ɗumin motar da aka rufe, kuma suna cin wayoyin lantarki. Awaki na tauna bakin yadi, su hau murfin inji da kofato. A nisanta motar da murhu, janareta da inda ake ƙona shara, domin waɗannan yadudduka da roba aka yi su, tartsatsi ɗaya na huda su.

Mai motar da zai sayi riga ya fara da tambayar kansa abu uku: rana da ƙura ne suka fi damun garinsa ko laima, kwana nawa motar ke yi a ajiye, kuma yana da halin wanke ta kafin kowace rufewa? Idan amsar ta ƙarshe a'a ce, kuɗin rigar sun fi amfani a wajen kafa rumfa.