Ciwon da Tsoho Ya Rasa Bakin Faɗa

A shirinmu na yau, maganar iyayenmu da kakanninmu za mu yi, musamman waɗanda gigin tsufa ya kama har magana ta fara kuɓuce musu.

Tsohuwar da ke cikin wannan hali takan kwana tana ihu, ta ƙi abinci, in an zo yi mata wanka ta kai wa mutum duka. Sai a ce rigimar tsufa ce, sai haƙuri. A Turai ma haka aka daɗe ana ɗaukar abin, sai a ɗura mata maganin masu taɓin hankali don ta lafa. Alhali tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa.

Wata likita a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, Bettina Husebo, ita da abokan aikinta suka ce, anya ba ciwo ne ke cin waɗannan bayin Allah ba, suka rasa yadda za su faɗa? Sai suka ɗauki tsofaffi 352 a gidajen kula da tsofaffi 18, dukkansu masu gigin tsufa da yawan tashin hankali. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da kula da su yadda aka saba, ɗaya kashin aka riƙa ba su maganin ciwo kullum har mako takwas. Kada ku zaci wani magani ne na ban mamaki, mafi yawansu farasitamol kawai aka ba su, sai ƙalilan da ciwonsu ya kai a ba su mofin ko makamancinsa.

Da sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta BMJ a 2011, tashin hankalin waɗanda aka bai wa maganin ya ragu da kashi 17 cikin ɗari. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya biyo baya: da aka janye maganin, kafin wata guda sai ihun da rashin natsuwar suka fara dawowa. Ashe duk wannan rigima, da yawanta kukan neman agaji ne.

Kafin nan, a 2000, Sean Morrison da Albert Siu a birnin New York sun duba tsofaffin da suka karye a kwankwaso. Waɗanda gigin tsufansu ya yi nisa, kashi ɗaya cikin uku kawai suka samu na maganin ciwo mai ƙarfi da aka bai wa masu hankalinsu, duk da cewa karaya iri ɗaya ce. Wanda ya iya cewa "wayyo, ku taimake ni" shi aka taimaka.

To ta yaya ake gane ciwo a jikin wanda ba ya magana? Akwai ma'aunin da masu bincike a Amurka suka fitar a 2003, mai suna PAINAD, kuma ido da kunne kawai yake buƙata. A saurari numfashinsa, ko yana haki. A ji ko yana nishi ko gurnani. A dubi fuskarsa lokacin da ake juya shi a shimfiɗa, ko yana yamutsa ta, yana cije baki, yana dunƙule hannu, yana janye gwiwa zuwa ƙirji. Sannan a ga ko lallashi da dafa kafaɗa na kwantar da shi. 'Yar da ke jinyar mahaifiyarta ta fi kowa ganin waɗannan alamu, ita ya kamata likita ya fara tambaya.

A nan gida kuwa akwai ƙarin wani abu, dauriya. Dattijo mai cikakken hankali ma, ka ce "Baba, ya jiki?", ya ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da bai runtsa ba daren jiya. Sai an zauna an bi a hankali: Baba, ina ne ke ciwo? Kuna iya sujada, ko sai a zaune kuke salla?

Kuma don Allah kada jin wannan shiri ya sa a ruga kemis a ɗebo ƙwayoyi. Diclofenac da ibuprofen da ake saya don ciwon gwiwa suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su lalata ƙodar tsoho. Farasitamol ɗin ma yana da iyaka, in aka wuce ta hanta yake taɓawa, shi ya sa a binciken Norway ba a ba kowa fiye da giram uku a rana ba. Ku kai mara lafiya wurin likita, ku riƙe duk magungunan da yake sha a nuna masa, ku faɗi abin da kuka gani da idonku da lokacin da ya fi tsananta.

Sai mun sake saduwa, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.