An Dawo Da Darasin Tarihi, Wa Zai Riƙe Hannun Sabon Malami A Barno?

A watan Nuwamba na 2022 ne Gwamnatin Tarayya ta yi shelar komo da darasin Tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare, bayan ya shafe fiye da shekara goma a waje. Aka ce za a fara horar da malamai 3,700, watau ɗari daga kowace jiha har da Abuja. To, mutum ɗari kuwa a Jihar Barno, mai ƙananan hukumomi 27, ai cikin cokali ne.

Masu karatu sun san halin da aikin malanta ya shiga a wannan jiha. A 2017 hukumar UNICEF ta ce an kashe malamai fiye da 2,295 a arewa maso gabas tun daga 2009, wasu 19,000 kuma sun yi gudun hijira. A cikinsu akwai tsofaffin hannu, waɗanda a da su ne ke zaunar da sabon malami su nuna masa yadda ake tsara darasi da yadda ake riƙe aji. Da Gwamna Babagana Zulum ya sa aka gwada malaman firamare 17,229, sakamakon da aka bayyana a 2022 ya nuna 5,439 kaɗai suka cancanta, 7,975 kuwa sai an ƙara musu horo.

Malamin Tarihi ko Hausa ko zane-zane ya fi kowa shan wuya a nan, domin in an tashi rabon kayan aiki da kwasa-kwasai, lissafi da kimiyya ake fara tunawa. Saurayi ya fito daga kwalejin horar da malamai ko Jami'ar Maiduguri da takardarsa, a miƙa masa alli, shi ke nan. Wanda ya iya Turanci sosai a cikinsu kuwa, sau da yawa sai ka tarar da shi a GRA, ko a makarantar kuɗi ko a ofishin wata ƙungiyar agaji, inda albashi ya fi tsoka.

Abin takaici, abin koyarwa ga shi nan a ƙofar gida. Ga kufan Birnin Gazargamu a Yobe, ga gidan Rabe a Dikwa, ga Kukawa ta Shehu Laminu, ga kuma abin da Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma. Sir Kashim Ibrahim kansa, kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, malami ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Barno, daga baya ya zama malami mai zagaya makarantu yana duba aikin na ƙasa da shi. Irin wannan zagaye ne ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta farfaɗo da shi, a haɗa kowane sabon malami da wani gogagge har tsawon shekararsa ta farko a aji.