Yashe magudanar ruwan Tiga: Wa ya kamata ya bar gonarsa don jama'a?

Duk shekara idan damina ta ja baya, manoman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, har zuwa fadamun Tamburawa a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, sukan zuba ido ga ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ita ce ke shayar da shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Sai dai ruwan ba ya isa kowace gona da kansa. Laka da ciyawar kachalla kan toshe ƙananan magudanai. Wanda gonarsa ke bakin babbar magudana yakan samu ruwa ko an yashe ko ba a yashe ba. Na ƙarshen layi kuwa, idan aka yi sakaci, yana kallo alkamarsa ko tumatirinsa zai bushe.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin manoma su riƙa biyan kuɗin ruwa suna kula da ƙananan magudanai da kansu. A takarda tsarin ya yi kyau. A gona kuwa, yana nufin wani zai bar aikinsa ya shiga laka saboda amfanin wani.

Gayya ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Abin da ke da wuya shi ne sanin inda ya kamata mutum ya tsaya.

Galibin manoman yankin Musulmi ne, kuma ba sa buƙatar a faɗa musu haƙƙin maƙwabci. Amma a ƙauyukan kudancin Kano akwai Hausawa Kiristoci manoma, kuma littafinsu ya taɓo wannan batu ta hanyar da kowane manomi zai gane.

Akwai labarin Nehemiya, wanda ya jagoranci sake gina ganuwar Urushalima. An raba aikin kashi-kashi, wasu suka gyara ɓangaren da ke daura da gidajensu, aka kuma rubuta cewa manyan garin Tekowa sun ƙi sa hannu. Ana tsakiyar aikin sai talakawa suka yi kuka: sun jinginar da gonakinsu don samun hatsi da biyan haraji, masu hali na cin moriyarsu. Nehemiya bai ce su ƙara haƙuri ba. Ya tara masu kuɗin, ya sa suka mayar da gonakin, shi kansa kuma ya ƙi karɓar abincin da ake ba gwamna.

Idan aka ɗora wannan a kan magudanar ruwa, sadaukarwa na da ma'ana ne idan mai ƙarfi ya fara ɗaukar nasa kason. Gayyar da mai ƙaramar gona ke fita kullum, mai kadada goma yana zaune, kuma shi ne zai fara buɗe ruwa da dare, ba gayya ba ce, ƙwadago ne ba lada.

Manzo Bulus ma, lokacin da yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya shaida wa mutanen Koranti cewa kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi. Ya ce manufar ba wasu su huta wasu su shiga ƙunci ba ce, sai dai a samu daidaito, domin mai yalwa yau yana iya zama mabuƙaci gobe. Manomin Kadawa ya ga irin haka a 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir, har kamfanin Dangote da ke wurin ya dakatar da aiki. Tsutsar ba ta tambayi wanda ke bakin ruwa ba.

Akwai kuma batun tilas. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin don jama'a, aka yaba masa. Hananiya ya sayar da tasa, ya ɓoye wani abu, ya nuna kamar duka ya kawo. Bitrus ya tuna masa cewa gonar tasa ce, kuɗin ma nasa ne. Laifinsa ƙarya ce. Wato ba a wajabta wa kowa sayar da gona ba. A wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti ma an yi kakkausan gargaɗi ga wanda ya ƙi kula da iyalinsa.

Saboda haka magidancin da ya ci bashin taki, ga dashen albasa na jiran ruwa yau, yana da hujjar neman a ɗaga masa ranar yashe, ko ya tura ɗansa. Wanda ba shi da hujja shi ne na bakin magudana mai cewa ruwa na zuwa masa, don haka ba ruwansa. Kwana guda a laka bai kai asarar kakar alkama guda ta maƙwabcinsa ba, kuma idan na ƙarshen layi suka gaji suka daina biyan kuɗin ruwa, gyaran bakin tasa magudanar ma zai tsaya.